Wa ya ƙirga kan da Jeff Astle ya sa?

A babban hutun bara waccan, a wani fili na bayan unguwarmu a Damagaram, ana gasar unguwanni, abokina da ke tsaron baya ya tashi sama shi da ɗan gaban abokan karawarmu. Ƙwallo ta wuce abinta, kawuna biyu suka gamu. Ƙarar da muka ji kamar an gwara tuluna. Ya faɗi, ya ɗan jima bai motsa ba. Aka fasa ruwan leda biyu aka kwarara masa a ka, aka kama hannunsa aka ɗaga, ya yi tangaɗi kaɗan, ya koma cikin fili. Mu kuwa ƴan kallo muka ɗauki kirari: namiji, ƙarfe, ba ka jin bugu! Da dare a fada, ana dafa shayi, sau uku yana tambayarmu wai nawa da nawa aka tashi. Kowace tambaya sai mu fashe da dariya. Har da ni.

Abin bai dame ni ba sai daga baya, kuma ta hanyar da ba ta da alaƙa da likitanci. Ni harshe nake karanta. Wata rana na zauna ina neman yadda zan faɗi abin da ya samu abokin nan da Hausa, na ga kalmomin duk suna zamewa. Suma? Bai suma sosai ba. Jiri, juwa, hajijiya? Waɗannan alamu ne, kuma mai azumi ma yana jin su. Likitocinmu da Faransanci suke kiran abin, commotion cérébrale, wato girgizar ƙwaƙwalwa, sunan Ingilishin ma daga wata kalmar Latin ya fito mai ma'anar girgizawa da ƙarfi. Masu tarihin likitanci suna cewa Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, shi ya fara ware wannan hali daga sauran raunukan kai: kai bai fashe ba, jini bai zuba ba, amma hankali ya gushe na ɗan lokaci. To wannan babban bugun kenan, mai suna. Akwai wani ƙaramin bugun wanda ba ya kayar da kowa, wanda mai tsaron baya yake sha kullum in ya tare ƙwallo da goshi. Shi ba shi da suna a kowane harshe da na iya, sai sunan yabo. Mu muna cewa ya sa kai. Tarihin da nake so in ba ku, tarihin yadda aka fara ƙirga wannan ƙaramin bugun ne, kuma ya ratsa ta kan mutum guda.

Amma bari in fara da ƴan dambe, don su aka fara gani. A 1928 wani likitan binciken gawa a jihar New Jersey ta Amurka, Harrison Martland, ya rubuta maƙala a kan tsofaffin ƴan damben boksin da ke jan ƙafa, hannu na rawa, magana na sarƙewa. Abin da ya burge ni shi ne sunan da ya sa wa ciwon ba shi ya ƙirƙira ba. A bakin ƴan kallo da masu shirya dambe ya tsince shi: suna ce wa irin waɗannan mutane naushi ya bugar da su, kamar mashayi. Wato jama'ar bakin fage sun riga likita ganin abin, sun riga shi raɗa masa suna, da ba'a suka raɗa. A 1937 aka ba shi sunan Latin mai nufin gigin ƴan dambe. A 1973 wani likita a Ingila, Corsellis, da abokan aikinsa suka yanka ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan dambe 15 suka nuna lalacewar ido da ido. Duk tsawon wannan lokaci sunan ya kulle ciwon a cikin dambe. Tunda gigin ƴan dambe ne, me ya haɗa shi da ɗan ƙwallo? Suna yana nuna abu, yana kuma rufe na kusa da shi.

Ita ƙwallon ƙafa ba da sa kai aka fara ta ba. A dokokin farko da aka rubuta a Landan a 1863, an yarda ɗan wasa ya cafe ƙwallon da ke sama da hannu. A 1866 aka soke wannan. Da aka ɗaure hannu, ƙwallo kuma ba ta daina tashi sama ba, dole wata gaɓa ta karɓi aikin. Goshi ya karɓa. Cikin shekarun da suka biyo baya Ingila ta gina salon wasanta kacokan a kan haka: ɗan gefe ya ruga, ya kwaso ƙwallo sama, dogon ɗan gaba mai lamba 9 ya tashi ya doke ta da ka.

Jeff Astle irin wannan lamba 9 ne. Ya buga wa West Bromwich Albion daga 1964 zuwa 1974, wasa 361, ƙwallo 174, magoya baya suna kiransa Sarki. Shi ya ci ƙwallon da ta ba su kofin FA a 1968 a kan Everton, kuma abin dariya, wannan da ƙafar hagu ya ci ta. Amma da ka aka san shi. Yana cikin tawagar Ingila a kofin duniya na 1970 a Meziko. Da ya bar wasa bai zama attajiri ba, sana'ar wanke tagogi ya kama. Yana ɗan shekara hamsin da ƴan kai ya fara mantuwa. Iyalinsa sun ba da labarin yadda ya kai ga bai ma san ya taɓa buga ƙwallo ba. Ya rasu ranar 19 ga Janairu 2002, yana da shekara 59, abinci ya shaƙe shi a gaban iyalinsa.

A can Ingila akwai wani jami'i mai zaman kotu wanda aikinsa shi ne ya tantance sanadin mutuwar da ke da ayar tambaya. A watan Nuwamba na 2002 wannan jami'i ya yanke cewa ciwon sana'a ne ya kashe Astle. Ku tsaya ku ji nauyin kalmar. Ita ce kalmar da ake rubuta wa mai haƙar kwal da ƙura ta cinye wa huhu. Da kalma ɗaya aka fitar da sa kai daga layin bajinta aka kai shi layin ƙwadago: ga ma'aikaci, ga kayan aiki, ga illar da aikin ya bari a jikinsa. Hausa ma ta yi mini wasa a nan, don sa kai da muke faɗa a fili shi ne dai sa kan da ke cikin karin maganar nan, sa kai ya fi bauta ciwo. Ba wanda ya tilasta wa Astle ya tashi sama. Albashinsa ne, kuma yana so.

Me ya biyo bayan hukuncin? Kusan ba komai, har shekara goma sha biyu. Hukumar ƙwallon Ingila da ƙungiyar ƴan wasa sun ce suna da binciken shekara goma a kan matasan ƴan wasa, binciken bai haifar da wata amsa da aka yi aiki da ita ba. Sai kuma aka samu mafaka mai daɗi: ai laifin tsohuwar ƙwallo ce, ta fata, mai nauyi. Wannan magana rabinta gaskiya ce. Tun 1937 doka ta sa nauyin ƙwallo a farkon wasa tsakanin awo 14 da 16 na Ingila, abin da yau ake rubutawa giram 410 zuwa 450. Ƙwallon Astle a bushe da ƙwallon yau nauyinsu ɗaya. Bambancin shi ne ta fata tana shan ruwa a damunar Ingila ta ƙara nauyi, ta roba kuwa, irin wadda aka fara kofin duniya da ita a 1986, ba ta sha. Sai dai ƙwallon da ta jiƙe ba ta gudu kamar busasshiya, kuma ƙarfin bugu ba nauyi kaɗai ba ne, har da gudu. Amma mafakar ta yi wa kowa daɗi, don ta mayar da ciwon na mutanen da.

A wannan shekarar ta 2002 da Astle ya rasu, wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka irin mai hular kwano, Mike Webster, ya rasu a Pittsburgh. Likitan da ya buɗe ƙwaƙwalwarsa ɗan asalin Nijeriya ne, Bennet Omalu, kuma a 2005 ya wallafa cewa ya ga lalacewa irin ta ƴan dambe a kan mutumin da bai taɓa dambe ba. Sunan da ya kama bakin duniya daga nan shi ne CTE, wato daɗaɗɗen ciwon ƙwaƙwalwa da bugu ke jawowa. Babu dambe a cikin sunan. Ƙofa ta buɗe kenan. A 2014 iyalin Astle suka ba wani likita a Glasgow, Willie Stewart, izinin sake duba ƙwaƙwalwar mahaifinsu da aka adana. Ya ce CTE ce. Ɗiyarsa Dawn da mahaifiyarta suka tayar da gangami, magoya bayan West Brom suka riƙa tafi a minti na 9 na wasa saboda lambar rigarsa. A ganina, da ba don taurin kan matan gidan nan ba, da har yau ana can ana cewa laifin fata ne.

To yanzu mu zo ga awon kansa, don nan ne abin ya fi wuya, nan kuma na fi jin daɗin karatun.

Ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take a cikin ƙoƙon kai ba. Taushi gare ta, tana cikin ruwa. Tun 1943 wani masanin kimiyya a Oxford, Holbourn, ya yi ƙwaƙwalwar gwaji da wani abu mai kama da daskararren romon ƙashi, ya nuna cewa ba turawa gaba ko baya ce ta fi yi mata illa ba, juyawa ce. In kai ya murɗa farat ɗaya, ƙoƙo ya tafi, ƙwaƙwalwa ta ɗan makara, siraran jijiyoyin ciki su ja. Shi ya sa bugun da ka gani tafe, ka ɗaure wuya ka tare da tsakiyar goshi, daban yake da wanda ya same ka a gefe ba ka shirya ba. Saboda haka mai awo yana bukatar abu biyu: saurin da kai ya zabura a miƙe, wanda ake ƙirgawa da g (g ɗaya shi ne jan da ƙasa ke yi wa jikinka yanzu haka kana zaune), da kuma saurin murɗawarsa.

Na'urar awon ba baƙuwa ba ce, ƴar'uwarta tana cikin salular da ke aljihunka, ita ke juya hoto in ka karkata wayar. Matsalar ita ce ina za a liƙa ta. Ƴan ƙwallon Amurka suna da hular kwano, tun 2003 aka fara cusa na'urar a ciki a wata jami'a ta Virginia. Ɗan ƙwallon ƙafa kuwa kansa a sake yake. Aka gwada ɗaurin kai, ɗaurin yana zamewa. Aka gwada ɗan faci a bayan kunne, sai aka gano fata tana motsi a kan ƙashi, na'urar tana auna rawar fata ta ba da lamba wadda ta zarce gaskiya, wani lokaci ma ta ƙirga bugun da ba a yi ba. Daga ƙarshe aka koma ga haƙori. Haƙoran sama a kafe suke cikin ƙashin kai, in aka dasa na'ura cikin robar kare haƙori, abin da ta ji shi ne abin da ƙoƙo ya ji. Hukumar wasan rugubi ta duniya ta wajabta irin wannan roba ga manyan wasanninta daga 2024. A ƙwallon ƙafa har yanzu abin na masu bincike ne.

Abin da awon ya nuna: sa kai na yau da kullum yawanci tsakanin g 10 da 30 yake faɗawa, alhali bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwar ƙwararrun ƴan ƙwallon Amurka ya kan kai kusan 100. Kuma ba a samu wata lamba guda da za a ce daga nan girgiza ta fara ba, wani ya sha babba ya tashi lafiya, wani ƙarami ya kwantar da shi. Yawancin girgizar da ake samu a ƙwallon ƙafa ma ba ƙwallo ke jawo ta ba, karo ne wajen neman ta a sama, kai da kai ko gwiwar hannu da kai, irin na abokina. Shi ya sa a 2006 aka ce duk wanda ya kai gwiwar hannu ga kan wani da gangan jan kati ne.

Idan haka ne, sa kai ya tsira kenan? A'a, don tambayar ta koma ta tari. A 2013 wani likita a New York, Michael Lipton, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ƴan wasa 37 waɗanda ba ƙwararru ba, ya ga canji a jijiyoyin waɗanda suka wuce sa kai 885 zuwa 1,550 a shekara, da raunin tunawa ga waɗanda suka wuce 1,800. Amma ta yaya ya san adadin? Tambayarsu ya yi. Ka ga inda gizo ke saƙa: ana tambayar mutum ya tuna yawan abin da ake zargin yana ɓata masa tunawa. A 2016 a jami'ar Stirling aka sa mutum 19 kowa ya sa kai sau 20 ga ƙwallon da inji ke harbowa kamar bugun kwana, sakamakonsu a gwajin tunawa ya faɗi da kashi 41 zuwa 67 cikin ɗari, ya dawo daidai cikin awa 24. Mutum 37, mutum 19. Ƙananan lambobi ne, mai son musu yana da wurin tsayawa.

Wanda ya rufe bakin da yawa ba na'ura ya yi amfani da ita ba, takardu ne. Willie Stewart ɗin nan da mutanensa suka tattara sunayen tsofaffin ƙwararrun ƴan wasan Sikotilan 7,676 da aka haifa tsakanin 1900 da 1976, suka gwama su da mutum sama da 23,000 masu shekaru da zaman rayuwa irin nasu, suka bi takardun asibiti da na mutuwa. A 2019 sakamako ya fito: ƴan ƙwallo sun fi sauran mutuwa da ciwon lalacewar ƙwaƙwalwa ninki uku da rabi. Sun kuma fi sauran tsira daga ciwon zuciya da sankarar huhu, wannan ma a faɗe shi, don kada wani ya ce na ce a bar wasa. A 2021 suka rarraba lissafin bisa gurbi. Cikin ɗari, ƴan wasa 5 ne suka kamu, sauran jama'a ba su cika 2 ba. Masu tsaron baya, ninki biyar. Masu tsaron gida, waɗanda ba sa sa kai, bambancinsu da sauran mutane bai kai wanda za a dogara da shi ba. Kuma haɗarin bai sauka ba daga tsofaffin zamani zuwa na baya-baya. A Suwidin a 2023 aka yi irinsa da ƴan wasa 6,007, ninkin ya fi ƙanƙanta, ɗaya da rabi, amma nan ma masu tsaron gida suka fita. Wannan bai zama hujjar ƙarshe cewa sa kai ne kaɗai sanadi ba. Ni dai mai tsaron gidan nan shi ya gamsar da ni: fili ɗaya, abinci ɗaya, shagali ɗaya, abu guda ne ba ya yi.

Ana cikin haka mutum biyar daga cikin goma sha ɗayan da suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966 suka rasu da gigi: Ray Wilson, Martin Peters, Jack Charlton, Nobby Stiles, Bobby Charlton. Dokoki suka fara motsi. Amurka ta riga kowa, a 2015 ta hana yara ƴan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai, bayan iyaye sun kai ƙara kotu. A 2020 Ingila da Sikotilan da Ailan ta Arewa suka hana shi a atisayen yaran firamare. A 2021 Ingila ta shawarci ƙwararru kada su wuce sa kai mai ƙarfi 10 a atisayen sati. Daga Yuli 2024 doka ta yarda a yi ƙarin canji in ana zargin girgizar ƙwaƙwalwa.

Sai dai doka a takarda daban, ranar wasa daban. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 Christoph Kramer na Jamus ya sha kafaɗar ɗan Ajantina a ka, ya ci gaba da wasa kusan kwata na awa, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Mu kuma da idonmu muka gani a kofin Afirka na Kamaru, a Janairu 2022: Sadio Mané ya yi karo da mai tsaron gidan Kap Ber, ya faɗi warwas, ya tashi, ya ci ƙwallo, sannan ya zauna a ƙasa aka fitar da shi zuwa asibiti. Kwana biyar bayan haka yana fili. A gidan kallon da nake a ranar, kirarin da aka yi masa shi ne dai wanda muka yi wa abokina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin Sikotilan ya yiwu ne don kowane mamaci a can yana da takarda mai faɗin abin da ya kashe shi, kowane ɗan wasa sunansa yana rubuce. Mu nan tsoho in ya fara mantuwa, ya fita bai gane hanyar gida ba, muna da kalma a shirye: gigin tsufa. Kalmar ta riga ta yanke hukunci, ta ɗora wa shekaru laifi, ta sallami kowa. Ba mai tambayar ko a ƙuruciya ɗan dambe ne, ko shekara goma sha biyar ya yi yana tsaron baya a busasshen fili da ƙwallon da aka cika wa iska har ta zama dutse. Astle da shekara 59 ya mutu. Da a unguwarmu yake, da gigin tsufa za mu ce, ko mu ce an yi masa sammu.

A hutun bana na ce bari in gwada da abin da nake da shi. Na je filin nan da ƙaramin littafi da biro, na zaɓi abokina, wanda har yanzu yake tsaron baya, kuma har yanzu bai tuna wancan wasan ba sai abin da muka ba shi labari. Duk sa kai in ja layi. Na rasa yadda zan yi da wanda ya ɗan goge shi a gefe, na ƙirga ko in bari? Wanda ya taho daga bugun mai tsaron gida tun daga can, layi ɗaya zan ba shi daidai da ɗan taushin da aka miƙo masa daga kusa? Ina cikin wannan shawara bayan hutun rabin lokaci muka samu kwana. Ya hau gaba, ya tashi sama ya fi kowa, ya doke ta da goshi ta shige raga. Sai bayan an koma tsakiya na ga biron a ƙasa cikin rairayi, an taka shi, ni kuma murya ta dushe.